Kamfani ɗaya, jihohi huɗu, kowace da nata harajin

Ranar da na fara kai takardun kamfanina wurin ƙwararriyar akanta, na shiga ofishinta riƙe da takardar rajistar da jihar Delaware ta Amurka ta ba ni, na ajiye mata a kan tebur ina jin cewa rabin aikin ya ƙare. Ko buɗe ta ba ta yi ba. Ta ture ta gefe, ta jawo farar takarda, ta tambaye ni inda kayan da nake sayarwa suke kwana, da inda kowane mai karɓar albashi a hannuna yake zama ya yi aikinsa, da garuruwan da motar kamfani take shiga, da kuma jihohin da masu sayen kayana suke zaune. Kafin in gama ba ta amsa ta riga ta rubuta sunayen jihohi huɗu, ta ja layi a ƙarƙashinsu, alhali ni a lissafina da jiha ɗaya tak nake da hulɗa, ita ma ɗin ban taɓa kwana a cikinta ba.

Sana'ar tawa ba wata babba ba ce. Ina shigo da ɗinkakkun kaya daga Kano, kaftani da manyan riguna da huluna da abayoyi, haɗe da turaren wuta da humra, ina sayar da wasu a ɗan shagona da ke arewacin New Jersey, sauran kuma ta shafin intanet na kamfanin. Idan Sallah ta gabato, ƙarama ko babba, mukan loda mota mu tsallaka kogin Hudson zuwa unguwannin Bronx da Harlem a birnin New York, inda 'yan uwa daga Najeriya da Nijar da Ghana suke da yawa, mu kafa tebur na kwana biyu ko uku. Mu uku ne muke aikin: ni, da wani yaro mai tsaron shago, da ƙanwar matata mai kula da odar intanet da amsa waya.

Ruɗanin da na shiga yana da asali, kuma na san ba ni kaɗai na zo da shi daga gida ba. A Najeriya idan kamfani ya yi rajista da hukumar CAC, ya yi ke nan a duk faɗin ƙasa, kuma harajin ribar kamfani da harajin VAT hukumar tarayya ce take karɓarsu, ko a Kano kake ko a Legas. Abin da jihohi suka fi riƙewa shi ne harajin albashin ma'aikatan da ke zaune a cikinsu. A Amurka kuwa jiha ce take haifar kamfani, ba gwamnatin tarayya ba. Tarayya tana karɓar kashi 21 cikin 100 na ribar kamfani tun shekarar 2018, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin fahimta, domin hukuma ɗaya ce da doka ɗaya. Bayan haka kowace jiha tana da ikon ɗora nata harajin, da nata ma'aunin, da nata fom, da ranar da ta yanke, ba tare da ta nemi shawarar maƙwabciyarta ba. Harajin VAT na ƙasa kuwa babu shi sam. Akwai dai harajin ciniki na jihohi da na birane, wanda ya fi komai cin lokacina.

Wani abokina ne, da kyakkyawar niyya, ya ba ni shawarar yin rajista a Delaware, wai can ne manyan kamfanoni suke zuwa kuma ba a biyan haraji. Rabin maganar gaskiya ce. Delaware ba ta karɓar harajin riba daga kamfanin da ya yi rajista a wurinta amma ba ya kasuwanci a cikinta, kuma tana cikin jihohi biyar da ba su da harajin ciniki na jiha, tare da Alaska da Montana da New Hampshire da Oregon. Sai dai tana karɓar harajin shekara na kasancewar kamfani, wanda mafi ƙanƙantarsa dala 175 ne ga kamfanin da hannayen jarinsa ba su wuce 5,000 ba, ga dala 50 na rahoton shekara, duka kafin ranar 1 ga watan Maris, kuma wanda ya makara tarar dala 200 ce da kuɗin ruwa na kowane wata. A kan wannan sai ka ƙara ladan wakilin da doka ta wajabta ka ajiye a cikin jihar domin karɓar takardun kotu da na gwamnati a madadinka. Manyan kamfanoni suna zuwa can ne saboda kotunanta na kasuwanci da kuma masu zuba jari da suka saba da dokokinta. Mai sayar da huluna ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun.

Abin da abokina bai faɗa mini ba, domin shi ma bai sani ba, shi ne cewa a idon New Jersey kamfanina baƙo ne. Da haka doka take kiran duk kamfanin da aka haifa a wata jiha, ko da tafiyar awa biyu ce a mota tsakaninsu. Baƙon kamfani kuwa dole ne ya nemi takardar izinin yin kasuwanci, ya ajiye wani wakilin a nan ma, ya riƙa kai rahoton shekara na dala 75, sannan ya biya harajin kamfanoni kamar kowane ɗan gida. A New Jersey ma'aunin yana farawa daga kashi 6.5 ga ƙaramar riba, ya hau kashi 7.5, ya kai kashi 9 idan riba ta haura dala 100,000, kuma ko faɗuwa ka yi a shekarar akwai mafi ƙarancin abin biya, daga dala 500 zuwa dala 2,000 gwargwadon yawan cinikinka. Wato an gudu ba a tsira ba: duk abin da zan biya da a New Jersey na yi rajista tun farko ina biyansa, ga kuma na Delaware a sama.

Kalmar da akantoci da lauyoyi suke ta maimaitawa a wannan fagen ita ce neksus, ma'ana igiyar da ta ɗaure kamfani da wata jiha har ta sami hurumin neman haraji a wurinsa. Shago igiya ce, sito igiya ce, kayan da aka ajiye igiya ce, ma'aikaci ma igiya ce, kuma ta wannan ta ƙarshe ce na faɗa rami ban sani ba. Ƙanwar matata ta yi aure, mijinta yana aiki a Maryland, ta tare can. Da na fara maganar neman wanda zai maye gurbinta sai ta ce, "Yaya, ai aikin duk a kwamfuta da waya ne, me zai hana in ci gaba daga gida?" Na ga hikimar maganar, na amince, na ci gaba da tura mata albashi ina cire harajin New Jersey kamar yadda aka saba. Ban san cewa daga ranar da ta kunna kwamfutarta a falonta ta amsa odar farko, kamfanina ya zama mai kasuwanci a Maryland ba.

Akantar ta ba ni labarin wata shari'a da ta yi kama da tawa, sai dai a juye. Wani kamfani mai suna Telebright, wanda shi ma a Delaware ya yi rajista kuma ofishinsa yana Maryland, yana da ma'aikaciya guda mai rubuta manhajar kwamfuta, ta koma New Jersey da zama ta ci gaba da aikinta daga gida. A shekarar 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta New Jersey ta yanke hukuncin cewa wannan ma'aikaciya ɗaya ta isa ta sa kamfanin ya shiga ƙarƙashin harajin kamfanonin jihar, duk da ba shi da ofis ko reshe a can. Da na ji haka ban ƙara yin gardama ba. Abin da ya hau kaina a Maryland shi ne yin rajistar baƙon kamfani tare da rahoton shekara na dala 300 kafin 15 ga Afrilu, da buɗe asusun cire harajin albashi, wanda a can ya haɗa da na jiha da na gundumar da ma'aikaci yake zaune, da biyan inshorar rashin aikin yi ga Maryland maimakon New Jersey, da shigar da fom na harajin riba mai kashi 8.25, sannan da karɓar harajin ciniki na kashi 6 a kan duk abin da na aika wa mutanen jihar. Ita kanta baiwar Allah sai da ta sha wahalar neman a mayar mata da kuɗin da na yi ta aika wa jihar da ba ta bin ta bashi, yayin da jihar da take zaune take jiran nata. Akwai jihohin da suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu domin ma'aikacin da ke tsallaka iyaka kullum ya biya jiharsa ta zama kawai, kamar New Jersey da Pennsylvania, amma tsakanin New Jersey da New York babu irin wannan, kuma mutanenmu da yawa a wannan layin suke.

Da farko na tsorata, na zaci kowace jiha za ta yanki kasonta daga dukan ribar, har a cinye ta ƙurmus. Ba haka ba ne. Ana raba ribar ne tsakanin jihohi bisa wani ma'auni, kowace ta ɗora harajinta a kan rabonta. Tsohon tsarin da aka tsara a 1957 yana duba abu uku daidai wa daida, wato dukiyar kamfani da albashin da yake biya da cinikinsa, amma yawancin jihohi sun koma duba ciniki kaɗai, kuma New Jersey da New York da Maryland duk haka suke yi yanzu. A misali, idan ribar shekara dala 100,000 ce, kuma kashi 60 na kayan masu saye a New Jersey suka karɓa, kashi 25 a New York, kashi 15 a Maryland, to New Jersey za ta yi lissafinta a kan dala 60,000, New York a kan 25,000, Maryland a kan 15,000. A takarda abin ya yi tsaf. A aikace ma'aunan jihohi ba su yi daidai da juna ba, musamman ga masu sayar da hidima ba kaya ba, inda wata jiha take duba inda aka yi aikin, wata kuma inda mai saye ya amfana da shi, ta yadda dala ɗaya za ta iya shiga lissafin jihohi biyu. A nawa ra'ayin, ga ƙaramin kamfani ba harajin ne yake ciwo ba, domin jimillarsa ba ta cika yin nisa da abin da jiha ɗaya za ta karɓa ba. Abin da yake ciwo shi ne kowane fom yana da ladan akanta, kowace jiha tana da mafi ƙarancin abin biya da kuɗin rahoto da ladan wakili, kuma waɗannan ba sa raguwa don kasuwa ta yi sanyi.

Akwai wata garkuwa da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa tun 1959, dokar da ake kira da lambarta 86-272, wadda ta hana jiha karɓar harajin riba daga kamfanin da iyakar abin da yake yi a cikinta shi ne neman odar kaya, matuƙar a wajen jihar ake amincewa da odar kuma daga waje ake aiko da kayan. Wannan garkuwa ce take kāre ni daga harajin riba a jihohin da nake aika kaftani ta gidan waya kawai. Amma gajeriya ce: kayan da ake taɓawa da hannu kaɗai ta rufe, ban da hidima, harajin riba kaɗai ta hana, ban da harajin ciniki da ire-irensa, kuma tana faɗuwa da zarar ka wuce neman oda. Teburin da nake kafawa a Bronx ya wuce neman oda, domin kayan suna nan a gabana, ana ciniki, ana biya, ana tafiya da su. Saboda haka New York ta shiga jerin akanta, jihar da kuma birnin, tunda birnin New York yana da nasa harajin kamfanoni daban. Tun 2021 ma hukumar haɗin gwiwar jihohi kan haraji ta fitar da matsayar cewa wasu ayyuka na shafin intanet, kamar taimaka wa mai saye ta hanyar hira a shafin bayan ya sayi kaya, sun isa su kayar da garkuwar, kuma wasu jihohi sun ɗauki wannan fassarar.

Harajin ciniki shi ne wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a can ne mai ƙaramar sana'a yake iya rasa har dukiyarsa ta kansa. A da, kamar yadda shari'ar kamfanin Quill da jihar North Dakota ta sake tabbatarwa a 1992, ƙa'idar ita ce jiha ba za ta tilasta maka karɓar harajin ciniki ba sai kana da wani abu a zahiri a cikinta. Ranar 21 ga Yuni, 2018, Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wannan ƙa'ida da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu a shari'ar South Dakota da kamfanin Wayfair, ta amince da dokar da ta ce duk wanda cinikinsa a jihar ya wuce dala 100,000 a shekara, ko ya yi ciniki sau 200, dole ya karɓa ko bai taɓa taka ƙasarta ba. Sauran jihohi suka bi sahu, kowace da iyakar da ta ga dama: Kalifoniya da Texas dala 500,000, New York dala 500,000 haɗe da ciniki sama da 100, wasu kuma suka kwafi lambobin South Dakota. Iyakar dala 100,000 ba ta dame ni ba. Ta ciniki 200 ce abin tsoro ga irinmu, domin kwalbar humra ta dala 15 idan an saya sau 200 dala 3,000 ce kacal, amma ta isa ta ɗaure ka da jiha. Ita kanta South Dakota ta soke wannan ƙidaya a 2023, wasu jihohin ma sun soke, amma ba duka ba, shi ya sa nake duba rahoton shafina jiha bayan jiha a ƙarshen kowane wata. Abin da na sayar ta Amazon ko eBay ko Etsy kuwa su ne doka ta ɗora wa karɓa da biya, wannan ya rage nauyi, amma na shafina nawa ne.

Sannan abin da ake ɗora wa harajin ma ya bambanta. Kaftani ɗaya, ɗinki ɗaya, yadi ɗaya: a shagona na New Jersey babu haraji a kansa, domin jihar ta yafe wa tufafi, amma turaren da mai saye ya haɗa da shi sai an ɗora masa kashi 6.625. A teburina na Bronx, idan kuɗinsa bai kai dala 110 ba babu haraji, amma babbar riga mai aiki ta dala 250 sai an ɗora mata kashi 8.875 a kan dukan kuɗin, ba a kan abin da ya haura 110 kawai ba. Idan kuma Baltimore da ke Maryland na aika shi, kashi 6 ne ko nawa ne kuɗinsa. New York tana so a nemi takardar izinin karɓar harajin aƙalla kwana 20 kafin a fara sayarwa, kuma zangon shekararta bai bi kalanda ba, yana ƙarewa ne a ƙarshen Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba, a kai fom cikin kwana 20, ko da sisi ba a sayar ba a zangon. Wanda ya manta tarar dala 50 ce mafi ƙanƙanta.

Wannan kuɗin amana ce, haka ma doka take kallonsa. Na mai saye ne ya ba ka ka miƙa wa jiha, bai taɓa zama naka ba, saboda haka kariyar da kamfani yake bai wa mai shi ba ta aiki a nan: idan ka karɓa ka cinye, ko ya wajaba ka karɓa ba ka karɓa ba, jiha tana iya bin ka kai da kanka ko da kamfanin ya mutu. Haka nan harajin da aka cire daga albashin ma'aikaci. Tun da na gane haka na buɗe masa asusun banki daban, duk ranar Juma'a nake kwashe abin da aka tara a makon in zuba can, don kada ya cakuɗe da jarin sarin kaya.

Wasu sun ba ni shawarar in mayar da kamfanin nau'in da ake kira S, wanda ribarsa take wucewa kai tsaye zuwa ga masu shi ba tare da kamfanin ya biya harajin tarayya ba. Ban cancanta ba, domin yayana da ke Kano yana da hannun jari, kuma doka ta hana wanda ba ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka ba shiga irin wannan kamfani. Ko da na cancanta, birnin New York bai san da wannan bambanci ba, harajinsa yake karɓa. Wasu kuma suna ganin mafita ita ce jihohin da aka ce ba su da harajin ribar kamfani. South Dakota da Wyoming ne kaɗai maganar ta tabbata a kansu sosai; Texas da Ohio da Nevada da Washington suna da wani harajin da ya dogara da jimillar ciniki, wanda a wasu lokuta ana biyansa ko ba a ci riba ba, ko da yake ƙananan kamfanoni sukan faɗi ƙasa da iyakar wasunsu. Kalifoniya kuwa dala 800 take karɓa duk shekara a mafi ƙaranci daga kamfanin da ke kasuwanci a cikinta, bayan shekararsa ta farko.

Shekarun da suka wuce ban biya ba sai da aka gyara su. Akantar ta bayyana mini cewa wa'adin da ke hana jiha tono tsohon lissafi ba ya fara ƙirguwa sai an shigar da fom, don haka wanda bai taɓa shigarwa ba ƙofarsa a buɗe take komai daɗewa. Yawancin jihohi suna da tsarin kai kai da kai, inda kamfani yake zuwa ya bayyana kansa kafin a neme shi, a taƙaita binciken baya zuwa shekara uku ko huɗu, a yafe tara, a biya asalin harajin da kuɗin ruwansa. Sharaɗin shi ne ka riga su. Idan wasiƙarsu ta riga isowa, damar ta wuce. Ta wannan hanya muka bi a jihohin biyu, Maryland da New York. Harajin cinikin da ban karɓa daga masu saye ba daga aljihun kamfani ya fita, domin babu yadda zan buga wa wanda ya sayi babbar rigar Sallah shekara biyu da suka wuce waya in ce ya ciko kuɗi, kuma wannan ne ya ci mafi yawan ribar shekarar.

Yanzu muna kan aikin dawo da kamfanin gida New Jersey mu rufe na Delaware, abin da ba ya yiwuwa sai an biya duk harajin da ake bin sa har zuwa ranar rufewa, ta yadda jihohi huɗu za su koma uku. A makon jiya wani dattijo cikin shugabannin jama'armu a Atlanta da ke jihar Georgia ya kira ni, ya ce suna so in kawo kaya in kafa tebur a harabar masallaci kafin babbar Sallah, ya tabbatar mini da cewa za a yi ciniki. Georgia ba ta yafe wa tufafi ba, kashi 4 ne na jiha ban da na gunduma da na birni, kuma tebur na kwana biyu a can daidai yake da teburin Bronx. Na ce, "Alhaji, na gode ƙwarai, amma a ba ni mako biyu in zauna da akanta tukuna." Ya yi dariya ya tambaye ni ko biza zan nema. Na riga na aika mata da tambayar, tare da ƙiyasin manyan riguna nawa zan iya sayarwa a kwana biyun.